Bular Uwarki da Kifin Alhaji Nomau

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hajara, wadda nake kira Inna don sunan mahaifiyata ta ci, ko da yake ni na goya ta, ba ita ta goya ni ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wagga takarda ta same ki zaune a kujerar mota, ba bisa buhun albasa ba. Allah ya tsare ki daga direba mai gyangyaɗi, da tsohuwar taya, da maƙwabcin kujera mai yawan tambaya. Ya kai ki Kwatano lafiya, ya sada ki da kawunki Laminu cikin alheri.

Na ce da uwarki ta cusa takardar ƙarƙashin ƙullin kilishi, don na san hannunki ba zai kai can ba sai kun wuce Konni. Da a gida na fara wannan magana, ban kai rabi ba za ta karɓe bakin ta ƙarasa mini, kuma yadda take ƙarasa labarina ba ya yi mini kyau. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san lakwal ɗina, wato bokona: na shiga ta ƙofa, na fita ta taga, mushe malaminmu bai biyo ni ba, ni ma ban waiwaya ba. Faransancin da na fito da shi ya ishe ni in ce wa mutum ya tsaya cak ya yi murmushi, kuma da shi na ciyar da ku.

Ga abin da ke gabanki, in maimaita don kada kukan rabuwa ya wanke shi. Matar nan mai shagon kifi ta ce za ta gwada ki. Sana'arta ta haɗa wa masu hali akwatin gilashi a falonsu, ta cika da ruwan gishiri, ta sa kifin teku da murjani mai rai. Tana son wanda zai riƙa ɗaukar hoton akwatunan don ta nuna wa masu saye, ta kuma ce ki zo da aparai, injin ɗaukar hoto, naki na kanki. In hotunanki suka fito da launi, kin samu wuri. In suka fito shuɗi fes kamar na waɗanda ta sallama kafin ke, za ki dawo ki tarar da rumbun da kika bari, wanda ko ɓera ya daina leƙawa. Kin kuma san abin da ya zama kuɗin aparai: tunkiyar uwarki ce, wadda ta yi ta ciyarwa da ɓawon wake da kwali har ta tsallake farin bana. Babu ta biyu a turke. Saye ɗaya za ki yi, shi ya sa zan shimfiɗa miki wautata tun daga tushe, ki taka ki wuce.

Zamanin babban fari, lokacin sojojin farko, gonarmu ta Korgom ta ba mu kara ta hana mu hatsi. Na tafi ci-rani Katsina, na yi dako har wuyana ya shige cikin kafaɗu. A can na ga wani mutum ana biyansa don ya ce wa manya kada su motsa, su kuma su yi shiru su bi umarni. Na ce wannan ce sana'ata. Da na tara abin da na tara, mai shago ya ajiye mini aparai biyu. Ɗaya ƙarami, fentinsa ya goge. Ɗayan baƙi ne ƙato mai dogon hanci. Na ɗaga ƙaton na ji nauyi, na tambayi dalili, ya ce nauyin ilimi ne. Ban ƙara duban ƙaramin ba.

Na rataya shi a wuya na shigo Korgom, har tsofaffi suka tashi tsaye. Na ɗauki rabin gari. Da aka wanko hotunan daga Maraɗi, kowa ya fito kamar ana hangensa ta cikin kwanon koko. Na ce laifin mai wanki ne. Na ci gaba da faɗin haka har ranar da jaki ya zubar da ni, aparai ya bugi dutse ya rabe biyu. Cikinsa roba ce, idon bai kai ƙwayar wake ba, a gindi kuma an manna curin dalma. Kakanki ya ɗauki dalmar ya ɗaura wa guga don ta riƙa nutsewa da sauri, ya ce a ƙarshe dai ɗansa ya kawo abu mai amfani gida.

To, Inna, har yau ana sa dalma a aparai, sai dai yanzu a bayan kwali ake rubuta ta. Mai shago zai nuna miki lamba ya ce wanga ɗigon hotonsa miliyan kaza ne, wancan bai kai ba. Ki gyaɗa kai kamar kin ji wa'azi, sannan ki ce ya sa pil, wato batir. Ki nemi lungun da ya fi duhu a shagon ki ɗauka, ki buɗa hoton a bayan aparai har ya cika. In kika ga tsaki-tsaki kamar an watsa wa kaji gero, ki mayar mishi da kayansa. Akwatin kifi yana yaudara. Idonki zai ce yana da haske, amma wajen aparai magariba ce. Wanda bai iya lungu ba, ba zai iya ruwa ba.

Kin san Farin Wata na tashar Mayahi. Ba uwarsa ta raɗa mishi wannan suna ba, ni ne. Ya sayi mota, ya zo da yamma yana son in ɗauke shi a ciki, hannu bisa sitiyari, ya aika wa surukansa a Maijirgi. Na tsaya gaban mota, na ga rana ta yi sanyi, na kunna filas. Hoton ya fito da mota, da riga, da agogo, da hannu biyu. Inda kai ya kamata ya zauna kuwa, wani farin dunƙule ne yana walƙiya. Gilashi ya maido mini da wutata. Shi kuma don rowa ya ƙi a sake, ya aika haka nan. Surukai suka aiko suna tambaya ko motar ce ke tuƙa kanta. An yi auren dai, amma jikokinsa ma da wannan suna suke nemansa.

Don haka ki duba aparai yana da maɓallin kashe filas, kuma in an kashe ya kasu. Akwai masu taurin kai: ki kashe, ki rufe aparai, ki buɗe, sai ki tarar ya farka yana jiranki. Ki gwada wannan a gaban mai shago, ko da zai ce kina ƙarar mishi da pil. Gaban akwati kuma ki kashe fitilar ɗaki, ki sa tufa mai duhu, ki manna idon aparai a jikin gilashi sosai, miƙe, ba a karkace ba. In kika ja baya, hoton kanki za ki kai wa matar nan, ga gyale ga kifi yana fita ta kunnenki. Ki kuma nemi alamar ɗan fure a jikin maɓalli. Ita ce ke sa ya ga ƙaramin abu kusa-kusa. Ki gwada da zanen yatsanki, in bai nuna miki layukan ba, ba zai nuna bakin murjani ba.

Wagga ta gaba ba na dariya in na tuna ta, ko da yake mutane suna yi. Aparai numerik na farko da na riƙe, irin wanda ba a sa mishi fim, a hannun wani mushen lakwal na saye shi. Mai tunani ne. In ka danna, sai ya yi shawara da danginsa kafin ya ɗauka. Mutane ba su damu ba, don na riga na horar da Mayahi kaf su daskare in na ɗaga hannu. Sai ranar wata kasuwa, a farin da ya gabaci wanga, Jaɓɓo makiyayi ya zo da bijiminsa. Ciyawa ta ƙare, dole ya sayar, 'yan Najeriya sun riga sun saye, mota na jira. Ya ce in ɗauke su tare, don shi ya karɓi haihuwar wannan sa da hannunsa. Na danna. Aparai ya shiga tunani, mai igiya ya ja, sa ya bi. Da na duba, ga Jaɓɓo tsaye hannunsa bisa iska, ga wutsiya a gefe tana fita. Kafin in ce a dakata an hau da sa mota.

Na ce ba zan karɓi ko sisi ba. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce in wanke mishi haka nan, ko wutsiyar ya gane. Har yau in mun haɗu shi ke fara gaishe ni, abin da ya fi zagi ciwo ke nan.

Kifi ya fi sa rashin kunya, Inna. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci, ba za ki ce mishi atansiyo ya tsaya ba. Ki sa kawunki Laminu ya ratsa shagon da sauri, ki danna yana tsakiya. In kika samu fuskarsa, aparai ya ci. In ƙeyarsa kika samu, ku fita. Laminu zai yi gunaguni ya ce shi babban mutum ne a bakin tashar jirgin ruwa. Ki tuna mishi ni na ɗauki hoton katin dantite ɗinsa na farko, kuma har yanzu ina da shi, da kunnuwan nan kamar faifai.

Af, kafin in manta. Tunda soji sun sake karɓar ƙasa, shinge ya yi yawa a hanya. In kin saya, kada ki fito da aparai kusa da shinge, ko gada, ko ƙofar da ke da tuta, a ƙasarmu ko a tasu. Ni na taɓa ɗaukar wani jaki da ya yi mini kyau, ban lura da ginin da ke bayansa ba. Na wuni zaune cikin rana ina bayanin cewa jakin ba ɗan leƙen asiri ba ne. Shi aka fara saki.

Yanzu ga babbar magana. Kin ji ta a bakin uwarki lokacin da kika dawo daga jarrabawa a Maraɗi, amma ita ta ba ki ne yadda ita za ta fito da gaskiya. Ga tawa.

Kin tuna aparai na yanzu, wanda kika zauna kika karanta mini littafinsa lokacin hutu. Kika zo kan wani abu wai shi balans de bulan, kika ce ma'anarsa a nuna wa aparai wani farin abu a danna, a ce mishi wannan shi ne fari, daga nan sai ya auna sauran launuka da shi. Abin ya burge ni. Inji guda da Nasara ya ƙera, sai ni Illa na gaya mishi fari. Na riƙe a raina ina jiran ranar da zan yi wannan bajinta a gaban jama'a.

Ranar ta zo da sunan jikan limamin unguwarmu. Na sa farar rigata ta Juma'a. A tsakiyar taro na ce kowa ya dakata, na ɗaga gefen riga, na nuna wa aparai, na danna, na yi wa na kusa da ni bayani da Faransanci. Abin da ban sani ba, rijiyarmu ta ja baya da wannan fari, ruwan da ake samu ja ne kamar an dama kunun kanwa. Uwarki kuwa ba za ta yarda mijinta ya fita da riga mai jan ƙasa ba. Sai ta ninka bula a ruwan ɗauraya, ta sake ninkawa. A idona riga fara ce tas. A idon aparai shuɗiya ce. Na rantse mishi wannan shi ne fari, shi kuma ya yarda da ni, ya bi duniya yana cire mata shuɗi. Rana ta hana ni ganin bayan aparai da kyau, na yi ta ɗauka ina taƙama.

Da na kai hotuna gidan liman, kowa ya fito rawaya. Kakar jaririn ta duba, ta ajiye, ta ce yaron nan shawara gare shi. Kafin in buɗe baki an aika neman saiwa, uwar jariri ta fara kuka, wani ya tafi neman amalanke a kai shi likita. Na ce, “Iya, ki duba da kyau. Liman ma rawaya ne. Ragon ma rawaya ne.” Ta ce to annoba ce ta shigo, a jiƙa da yawa. Da ƙyar liman ya kwantar da gidan, bayan an fito da jariri rana an buɗe idonsa kowa ya gani. Ni kuma ban tsira ba sai da na sha kofi guda na jiƙon, don tsohuwa ta ce idona ne bai da lafiya.

Na dawo gida na tuhumi uwarki. Ta ce ita mutane ta wanke wa riga su gani, ba ta san zan je ina nuna wa inji ba.

Ban gama jin kunyar wannan ba, ko maɓallin ban mayar ba, sai ga saƙo daga Tasawa. Alhaji Nomau, mai fataucin kaya daga Kwatano, yana neman mai hoto. Shekarun baya ya ga akwatin kifi a wani gida can bakin teku, ya ce sai an kafa mishi irinsa a falonsa. Matar da za ki wurinta ita ta aiko da ma'aikata suka haɗa. Yana son hoto ya kai mata ta ga yadda kifinta ke rayuwa a ƙasar da babu kogi. Ya kira masu hoton Tasawa, ya kira na Maraɗi masu jaka da ƙafa uku, duk hotunansu suka fito kamar an tsoma su a marina. Ni ne na ƙarshe a jerin, kuma na san don sauran sun ƙare ne aka tuna da ni.

Inna, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. A waje rana na cin mutane, 'yan garuwa na layi a famfo tun asuba, a ƙofar gidan ma mata ne zaune ana auna musu hatsin sadaka, don Alhaji ba ya hana wannan. Ka ɗaga labule kuma sai ga teku a cikin ɗaki. Gurup, injin wuta, na ruri a bayan gida don kada ɗaukewar lantarki ta yanke wa kifi numfashi. Fitila shuɗiya a bisa. Kifaye wani kamar an yi mishi lalle, wani da zane kamar tabarmar Buzaye. Kan duwatsu kuma wasu abubuwa na buɗewa suna rufewa. Na tambaya, Alhaji ya ce murjani ne. Na ce murjanin da tsohuwata ke ɗaurawa a wuya? Ya ce danginsa ne, kuma dabba ne, yana cin abinci. Na shiga tunanin shekarun da ta yi tana kwana da dabba a wuya ba ta sani ba. Na ce ko gishirin Bilma ake zubawa, ya ce in na kusanci ruwansa da gishirin Bilma zai sa a kai ni shinge.

Ya baje mini hotunan waɗanda suka riga ni. Shuɗi bisa shuɗi, kifi kamar inuwa. Na ce a raina, Illa, ka sha jiƙo a Mayahi, yau kuma ga abin da za ka sha a Tasawa. Na kashe filas, na manna ido a gilashi, na danna don a ce na yi.

Da na duba, sai na ga ɗan ja-ja a jikin wani kifi. Shuɗin yana nan, amma ya ja baya. Alhaji ya leƙo ta kafaɗata ya ce wannan ya fi na mutanen Maraɗi. Na ce ai dama. Amma ban san abin da na yi ba. Na zauna bisa kafet na yi tunani irin na tsohon aparai ɗina. Can sai ta faɗo mini: har yanzu injin yana kan rantsuwar da na yi mishi ranar suna. Yana nan yana cire shuɗin rigata daga duk abin da ya gani. Abin da ya sa wa jikan liman shawara, shi ne maganin wannan ruwa. Sai dai bular uwarki ba ta kai ta fitilar Alhaji ƙarfi ba.

Na miƙe na fara zagaya akwati ina leƙe. Alhaji ya ce me nake nema. Na ce, “Fari nake nema, Alhaji.”

Ya ce, “Fari? Fita waje mana, ya cika ƙasa tun daga nan har Dakwaro.”

Na ce ba wanda ya cinye gero ba, ɗan'uwan baƙi nake nufi. Ya ce a cikin ruwan nan babu abin da ya yi fari sai yashin ƙasa, shi ma fitila ta rine shi. Na ce shi nake so. Na durƙusa, na cika idon aparai da yashin nan mai shuɗi, na danna, na ce mishi da Hausa, don a wannan lokacin Faransanci ya gudu: wannan shi ne fari, ka yarda da ni karo ɗaya kuma.

Na ɗauka. Inna, ja ya fito ja. Kore ya fito, ruwan lemo ya fito, wani launi ma ya fito da ban san sunansa ba a kowane harshe. Murjani ya buɗe baki kamar furen kabewa. Alhaji ya karɓi aparai da hannu biyu, ya duba hoto, ya duba akwati, ya sake duba hoto, ya aika a kira iyalinsa. Ya tambaye ni a wace makaranta na koyi wannan. Na ce a wurin wanki. Ya ɗauka wankin hoto nake nufi, ni kuma ban gyara mishi ba.

Na dawo Mayahi a gaban motarsa, ba a baya ba, gilashi a sauke don kowa ya shaida. Na sa direba ya bi ta ƙofar liman sau biyu. Sauran kin sani. Ya kai hotuna Kwatano, matar ta ce a kawo mata wanda ya ɗauka. Na ce wanda ya ɗauka gwiwarsa ta tsufa, ordinater kuma, kwamfutar nan, in ya gan shi rufe ido yake, amma yana da ɗiya da ta tashi cikin shago, ita ce ma ta karanta mishi littafin. Uwarki har yau tana cewa aikin nan bularta ce ta samo shi. Na bar mata, don in na yi musu ba ni da mai wanki.

To ga abin da duk wannan surutu ya tara. Kada ki sayi aparai da ba a iya nuna mishi fari da hannu. Da yawa suna da hoton rana, da girgije, da ƙwan fitila, ka zaɓa. Wannan bai isa ba, don babu wanda ya zana musu teku a falo. Ki nemi wanda ke da wurin da ke cewa ke ki auna da kanki. Mai shago zai ce otomatik ya fi, inji ya san komai. Masu hoton Maraɗi ma otomatik suka bari. Kuma ko mai maɓallin, wani in shuɗi ya yi yawa sai ya ƙi karɓa, ya ce bai gane ba. Saboda haka in da hali, ki bar kawunki zaune a shagon a matsayin jingina, ki ɗauki aparai ki kai gaban akwati na gaske ki gwada a kan yashi. Laminu ya iya zama, shi ne aikin da ya fi ƙwarewa a kai tun yana yaro. In an canja fitila, ki sake aunawa. In kin fito daga wurin kifi za ki ɗauki mutane, ki mayar da maɓalli, kada ki sa wa mutanen Kwatano shawara su kore ki.

Ki sayi pil na biyu ko da za ki rage na abinci kwana kaɗan. Hannun da ya taɓa ruwan gishiri kada ya taɓa aparai sai an wanke an goge, gishiri yana cin ƙarfe a ɓoye. Ki sa igiya a wuyan hannu kullum, don aparai bai iya iyo ba, ke ma haka.

Matar nan kuma, ki gaishe ta yadda kike gaida gwaggonninki. In ta yi faɗa ki saurara, wataƙila akwai gaskiya a ciki, in babu ma ba a mayar wa mai gwada ka magana a makon farko. In hoto ya ɓaci ki ce ya ɓaci, kada ki ɗora wa fitila ko kifi. Amma kada ki yi saurin share shi. Ki zauna ki dube shi ki gano ta inda ya ɓaci, don wata rana za a nemi daidai wannan ɓacin a rasa mai iya shi. Ki riƙe salla. Ki ci abincinsu ko da ya yi miki warin teku. In mai shago ya dube ki ya ce ina namijin da zai zaɓa, ki ce yana Mayahi, ya zaɓa sau da yawa, shi ya sa aka aiko ki.

In kuma duk da haka abin bai yiwu ba, ki dawo da kanki a sama. Gida gidanki ne, tuwo ko na dusa ne za a raba da ke, ba kuma wanda zai yi miki maganar tunkiya in ina numfashi.

Sai dai ina roƙonki ki yi ƙoƙari ya yiwu, don na riga na yi abin da ba ya gogewa da sauƙi. Jiya da kina sallama da ƙawayenki, na kira Ɗanladi mai fenti ya sauke allon shago. Na ce a ƙarƙashin Foto Illa ya ƙara cewa da ɗiyarsa, da Faransanci, ya kuma sa Mayahi da Kwatano. Ya ce shi tun da yake fenti “et fils” ya sani, bai taɓa ganin an rubuta na mace a allo ba, ko a Yamai. Na ce to yau zai gani, kuma da hannunsa. Muka zo kan rubutun “fille” muka tsaya. Shi ya ce “l” ɗaya ce, ni na ce biyu, ba kuma wanda ya gama lakwal a cikinmu. Jama'a suka taru, kowa da fatawarsa. Don kada a ce mun yi miki rowa, muka sa uku. Na rufe da buhu sai motarku ta tashi za a buɗe, yanzu da kike karanta wagga kuwa duk wanda zai shiga kasuwa sai ya karanta. In kin zo hutu da aikinki a hannu, ki hau tsani ki goge wadda ta yi yawa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kiyaye masauki. Ya tsare ki daga sharrin ruwa da na tudu, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ba idonki gani, hannunki natsuwa. Ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu sake ganawa cikin farin ciki. Uwarki na gaishe ki, ta ce kada ki cinye kilishin ke kaɗai, rabi na kawunki ne.

Ni ne babanki,
Illa mai hoto, bakin kasuwar Mayahi.